Na je Gidan Rumfa neman kakanmu Shamaki, na tarar ba sunan mutum ba ne

A unguwarmu a nan Gadarif, mai neman gidanmu ba ya ambaton sunan mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Cewa yake yi "gidan Shamaki", kuma ko yaro ɗan shekara biyar zai kama hannunsa ya kai shi har ƙofa. Haka muka tashi muka tarar. Ni dai tun ina ƙarami na ɗauka Shamaki sunan kakan mahaifina ne, mutumin da ya fara kawo mu ƙasar nan, kamar yadda wani yake Garba wani yake Tanko.

Abin da muka sani game da shi bai fi cikin cokali ba, kuma duk daga bakin Habboba muka ji, wato mahaifiyar babana, wadda ta zo gidan tana amarya ta tarar da tsohon da sauran ƙarfinsa. Ta ce daga Kano ya fito, kuma ba ko'ina a Kano ba, daga cikin gidan Sarki. Yana saurayi ya bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru a shekarar da Nasara suka ci ƙasa, ya tsira a Burmi, ya yi shekaru a hanya kafin idonsa ya ga Nilul Azrak. Ya zauna a Mai Wurno, daga baya ɗansa ya taho da shi Gadarif saboda noma. Ta ce ba ya sa loma a baki sai ya ga an ba jaki nasa abincin, kuma duk ranar da ya ga ana dukan dabba, ranar ba mai jin daɗinsa a gidan.

Mu yara sai muka ɗauki wannan "cikin gidan Sarki" muka ɗinka mata babbar riga. A makaranta, duk sanda wani ya ce mini Takruni ko Fallati da irin muryar nan da kowannenku ya sani, amsata ɗaya ce: ni jikan sarakunan Kano ne, kai fa? Har na girma ban daina ba. Ranar da na je wani ofis neman rakam watani, ma'aikacin ya jujjuya takarduna ya ce in kawo shaidar inda aka haifi kakana, alhali wanda ke gabana a layi ko sunan hillarsu ba a tambaye shi ba, da wannan rigar na lulluɓe zuciyata na fito.

A watan Janairun 2023, wata uku kafin yaƙi ya ɓarke, harkar riɗi ta kai ni Kano. Wani abokin cinikina a kasuwar Dawanau ne ya matsa in zo in ga yadda suke tacewa da ɗurawa. Tafiyar da tsoho ya yi shekaru yana yi da ƙafa, jirgi ya yi mini ita daga Khartum cikin kamar awa huɗu. Da na je sallama, Habboba ta riƙe hannuna ta ce, "Maigida, in ka je ka gaishe mini da gidan surukina." Na ce mata in sha Allah har hoto zan kawo.

Na faɗa Kano a mummunan lokaci, ana tsakiyar canjin takardun naira, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na hawa a-daidaita-sahu, wato raksharsu. Sai a kwana na shida abokina ya samu sarari ya ce yau sai cikin birni.

Ta Ƙofar Kudu muka je, kamar yadda yawancin baƙi suke yi. Fili ne makeken gaske a gabanta, nan ake tsayawa a yi jafi ranar Hawan Daushe, ga ƙofar da zankayenta a sama, ga dogarai cikin ja da kore suna zazzaune a inuwa. Gaskiya kallon farko bai girgiza ni ba, domin fuskar ginin ta sha siminti da fenti, kuma duk mun saba ganinta a waya. Sai da muka bi gefen garun da ƙafa, muka yi ta tafiya ba mu ga ƙarshensa ba, sannan na fara gane abin da ake nufi da gidan Sarki. Faɗin wurin ya kai eka 33, wato kusan faddan 32 a lissafinmu. Duk manomin Gadarif ya san mene ne faddan 32. Ka ƙaddara an zagaye shi da garu mai kauri wanda ya ninka tsawon mutum fiye da sau biyu, a ciki akwai soraye da farfajiyoyi da masallaci da makaranta da bargar dawaki da kurmin itatuwa da ake kira Sheka, ga kuma ɗaruruwan mutane da a nan aka haife su, a nan suke kwana suke tashi. Gari ne a cikin gari, kuma shi ma garin da ke kewaye da shi yana da tasa ganuwar, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12.

Wanda ya kafa gidan shi ne Muhammadu Rumfa, sarki na 20 a jerin da littafin Tarihin Kano ya kawo, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kafin ya hau, an ce a Gidan Makama yake zaune, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, 'yar tafiya kaɗan daga Ƙofar Kudu. Da ya hau sai ya bar tsohuwar fadar da ke cikin cunkoson gari, ya fita sabon fili ya gina tasa, ya ƙara faɗaɗa ganuwa. Shi ya kafa kasuwar Kurmi. Shi ya kafa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa aka fara busa kakaki, aka fara figini da takalmin gashin jimina, aka fara jan dawakin zage a gaban sarki, aka fara kulle, aka fara ba babanni manyan muƙamai. A zamaninsa ne kuma Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano ya rubuta wa sarki risala kan abin da ya wajaba a kan masu mulki, kuma har yau zuriyar da ya bari tana unguwar Sharifai. Idan ka duba jerin nan da kyau za ka ga duk abu ɗaya yake yi: yana ɗaga sarki sama, yana sa garu da zaure da mai tsaron ƙofa tsakaninsa da mutane. Ginin kansa haka aka tsara shi. Ba ka shiga kai tsaye. Daga soro sai fili, daga fili sai wani soron, kowace ƙofa ta kauce wa 'yar'uwarta yadda ido ba zai zarce ba, kuma kowane soro da iyakar wanda ya isa ya wuce shi. Bature Heinrich Barth, wanda ya shiga gidan a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya kwatanta shi da wurin da baƙo zai ɓace a ciki saboda yawan farfajiyoyi da lunguna.

Akwai labari ɗaya a Tarihin Kano da ya fi kowanne nuna nauyin wannan gida. Bayan jihadi, da aka kori Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, aka naɗa Malam Sulaimanu. Manyan jama'a ba su so ya shiga Gidan Rumfa ba, suna ganin gidan sarautar da suka yaƙa ne, sai ya zauna a wani gida a gari. Wani daga cikin mutanen Kano ya faɗa masa cewa muddin bai shiga gidan nan ba, birni da ƙauye ba mai ɗaukarsa sarki. Sai da ya aika wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo neman izini, aka ba shi, sannan ya shiga. Wato mutanen da suka zo da tuta da takobi suka kayar da sarauta, amma gidan ya fi ƙarfinsu, dole suka shige shi. Ibrahim Dabo da ya gaje shi a 1819 ma ya dawo da yawancin sarautu da al'adun fadar da aka tarar, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon har gobe. Ita Ƙofar Kudun da muka fara gani ba ta cikin ginin Rumfa. Ɗan Dabo ne, Abdullahi Maje Karofi, ya buɗe ta a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Tsofaffin ƙofofin suna arewa, Ƙofar Fatalwa da Ƙofar Kwaru, ta wajen babban masallaci da tsohon gari.

Mun samu shiga sorayen waje ta hannun wani sanin abokina. A nan ne na ga abin da hoto ba ya nunawa. Da ka sa ƙafa sai sanyi ya buge ka kamar an kunna mukayyif, alhali ƙasa ce kawai da kaurin bango. Ka ɗaga kai ka ga bakan gizo sun taso daga kusurwoyi sun haɗu a tsakiyar rufi, an bi su da zane da launi. Babu ƙarfe a cikinsu. Tubali ne da aka murza da hannu aka shanya a rana, sai azara, wato tsagin giginya, itacen da mu muke ce wa dalaib, wanda gara ba ta iya masa. Ana jera azarar ne ana ɗaurewa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har baka ya rufe, sannan a lulluɓe da ƙasa. A waje kuma magina na da suna shafe bango da makuba, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofi, don ruwa ya zame. Irin wannan gini ba ya yarda a manta da shi. Duk bayan damina sai an bi shi da yaɓe, in aka yi sakaci shekara biyu uku sai ya fara komawa ƙasar da aka ɗebo shi. Ina tsaye ina lissafi a raina: sama da shekara 500, damina sama da 500, hannu nawa ke nan? An nuna mana ta inda Soron Ingila yake, inda ake karɓar manyan baƙi. Daga nan aka ce iyakarmu ke nan, gaba cikin gida ne, wurin iyali, namiji baligi ba ya wucewa.

Sai na ce ni fa ba kallon gini kaɗai ya kawo ni ba, ina neman wanda ya san mutanen gidan na da. Aka zagaya da mu ta arewa, wajen Ƙofar Kwaru, inda gidajen bayin Sarki suke tun asali. A wani ɗan zaure muka tarar da wani dattijo a kan buzu, da carbi da rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya ji Hausata sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan bakin na gabas ne. Ɗan Sudan ne ko?" Ashe ina ta cewa "tamam" da "yani" ban sani ba.

Na ce, "Baba, ni ma asalina nan gidan ne."

Ya ce, "Madalla. Ta wane ɗaki?"

Na gyara zama na ce, "Sunan kakanmu Shamaki."

Ya ɗan yi shiru yana kallona. Sannan ya ce, "Wane Shamakin, ɗana? Ai Shamaki ba suna ba ne, rawani ne."

Ya rage muryar rediyo ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alif. Shamaki shi ne babba a cikin bayin Sarki, shi ke da barga da dawaki da duk masu yi musu hidima. Akwai Ɗan Rimi, akwai Sallama, akwai Kilishi mai shimfiɗar sarki, da sauransu, kowanne da mutanensa da aikinsa. Ya tambaye ni shekarun kakan namu lokacin zuwan Nasara, na ce saurayi ne, gemu bai fito ba. Ya ce, "To ba shi ne Shamakin ba. Masu rawanin nan ƙirga su muke yi kamar yadda ake ƙirga sarakuna, da shi ne da na faɗa maka sunansa da na ubansa. Naka yana cikin yaran Shamaki, masu yankan ciyawa da kwashe barga da jan zage. Da ya je can aka tambaye shi daga ina, ya ce shi na Shamaki ne, sai sunan ya bi shi." Ya ƙara da cewa, "Ni ma bacucane ne, a gidan nan aka haifi ubana da kakana. Wa ya sani ko kakana da naka akushi ɗaya suka ci."

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, ji na yi kamar an zare mini rigar a tsakiyar kasuwa. Duk wanda ya tashi a Sudan ya san nauyin kalmar nan ta bawa idan aka faɗe ta da Larabci, ya san a kan wa ake jefa ta, ya san auren da ta hana da jinin da ta zubar. Shekara arba'in ina kare kaina daga gare ta da sunan Shamaki, ashe sunan da kansa ita yake faɗa.

Dattijon ya lura. Ya ce, "Na ga fuskarka ta sauya. A can wurinku abin kunya ne?" Na ce, "Baba, babba ma." Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce a nan gidan, hakimi da rawaninsa da dawakinsa sai ya bi ta hannunsu kafin ya ga Sarki. Su ke riƙe da makamai, su ke riƙe da rumbuna, su ke kai saƙo ƙasa, su suka san abin da Sarki ya ce da dare. Sarki yana iya shakkar ɗan'uwansa domin ɗan'uwa yana son gadon, amma bawa ba ya gadon sarauta, saboda haka shi ake ba amana.

Daga baya na bincika na tarar ba cika baki ya yi ba. Wani masanin tarihi, Sean Stilwell, ya rubuta littafi sukutum a kan bayin Sarkin Kano, ya kwatanta su da Mamalik na Masar, waɗanda mu a nan muka karanta a makaranta. A ƙarni na 19 su ne ke riƙe da bindigogin fada, suna kula da gandayen sarki, suna da bakin magana a kan wanda zai hau gado. A farkon zamanin Turawa har an taɓa ɗaga wani Ɗan Rimi, Allah Bar Sarki, aka ba shi Waziri. Sai a wajen hawan Abdullahi Bayero a 1926 aka karya wannan ƙarfi nasu, ko da yake sarautun suna nan har yau. Ta ɓangaren mata ma haka ne. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a cikin gidan, ta nuna yadda ƙwaraƙwaran sarki suka daɗe suna riƙe da lissafin hatsin da ke shigowa fada, ga jakadu mata masu kai umarni waje, kuma sarakuna da dama 'ya'yan sa-ɗaka ne.

Amma kada daɗin labari ya kwashe mu. Bawa bawa ne ko da ya hau doki mai kayan azurfa. Waɗannan mutane ko iyayensu kamo su aka yi a yaƙi, daga wajen Ningi da sauran ƙasashen kudu da Kano, ko aka sayo su, aka raba su da harshensu da sunayen iyayensu. Masu rawani a cikinsu 'yan kaɗan ne. Mafi yawa irin kakanmu ne, masu tashi da asuba su nufi fadama da lauje. Abin da dattijon ya ba ni ba sarauta ba ce a madadin wadda ya ƙwace, kuma bai yi kamar ita ce ba.

Shi ne kuma ya haɗa mini zaren 1903, yadda yaron barga zai tsinci kansa a Burmi. Lokacin da rundunar Kanar Morland ta iso Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan fadawansa da dawaki masu yawa. Inda dawaki suka tafi kuwa, yaran Shamaki suna nan. Turawa suka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga da igwa, garin ya faɗi a yini guda, kuma cikin waɗanda suka tsaya suka mutu a gidan nan har da Sarkin Shanu, shi ma bawan Sarki ne. A hanyar dawowa labari ya iske ayarin Alu. Sarki ya sulale da dare, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Jama'arsa suka rabu: wasu suka bi Waziri Ahmadu suka yi karo da Turawa a Kwatarkwashi, inda ya yi shahada, wasu suka bi Wambai Abbas suka koma Kano, Turawa suka naɗa shi sarki. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas, mutane suka yi ta barin garuruwa da gonaki suna bin sa, har abin ya tsorata Turawa. Ranar 27 ga Yuli aka yi yaƙin ƙarshe a Burmi, aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka ci gaba, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Nilul Azrak kudu da Sinnar.

Wannan kashi na ƙarshe kowane Bahaushe da Bafillace a Sudan ya haddace shi. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne su wane ne a cikin ayarin. Ka zauna a kowace majalisa a Gadarif ko Kasala ko Damazin, ka ji ana asali: wannan jikan malami ne, wancan jikan sarki ne, na can kakansa alƙali ne. To wa ya ɗauki kaya? Wa ya ja raƙuma, wa ya haƙa rijiya a Wadai, wa ya yi ƙodago a gonakin mutane a Darfur da Kurdufan har aka samu guzurin gaba? Kuma kafin Attahiru da bayansa, dubban da suka zo da niyyar hajji suka tsaya noman auduga a Jazira bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925, ko suka zo nan suka sari daji suka shuka dawa da riɗi, 'ya'yan wa ne? Ina ganin mun koyi wannan ɗabi'a ne daga maƙwabta. Mun zauna cikin mutanen da kowa ke da takardar nasaba mai kai shi Hijaz, mu ma sai muka nemi tamu, muka rataya ta a Sakkwato da Kano. Bayan abin da ya faru a Nilul Azrak a 2022, lokacin da maganar ba Hausawa tasu imara ta zama wuta, aka kashe ɗaruruwa, aka kori dubbai, mu ma nan Gadarif muka fita titi, na ji masu magana da yawunmu suna ta kafa hujja da sarakunan da muka fito daga cikinsu. Ni kaina na yi. Amma wanda yake ce maka baƙo, in ka ce masa kai jikan sarkin wata ƙasa ne, ai ka ba shi gaskiya ne. Hujjar da ke hannunmu tana maƙabartun garin nan da gonakin da kakanninmu suka share, kuma a wannan hujjar yaron barga da ɗan sarki nauyinsu ɗaya.

Wani abin da ya ba ni mamaki, tafiyar ba ta zama hanya ɗaya ba. Kusa da fadar akwai Makarantar Nazarin Larabci, wadda aka buɗe a 1934 a zamanin Abdullahi Bayero a matsayin makarantar shari'a, kuma malamanta na farko daga Sudan aka ɗauko su, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. Manyan alƙalai da malaman Arewacin Nijeriya da yawa ta hannunsu suka bi. Da dattijon ya ji ina mamaki sai ya ce, "Ai ku kuka ba mu malamai, mu muka ba ku manoma." Na ce masa har da agashe, don shi ma daga wajensu ya zo mana. Ya ce a nan tsire suke cewa.

Kafin mu tashi ya sa wani jikansa ya kai ni barga. Ban san dawaki ba, mu mutanen tarakta ne da karo, amma na daɗe a tsaye. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana goge wani fari yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Hotonsa na ɗauka, da izininsa, ban ɗauki na Ƙofar Kudu ba sai da abokina ya tuna mini.

A watan Mayun 2024, da rikicin sarautar Kano ya tashi, aka mayar da Muhammadu Sanusi na biyu Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa, samarinmu a nan suka rabu biyu a WhatsApp kamar da su za a raba gadon. A lokacin gidanmu cike yake da 'yan'uwa da suka gudo daga Madani, bayan wata guda na Sinja suka ƙaru. Na karanta musun nasu ina dariya ni kaɗai, don na ga tsohon zancen Sulaimanu ne ya dawo: kowane ɓangare ya san wanda ke kwana a cikin gidan nan shi mutane ke kallo. Ban sa baki ba. Tunanina yana wajen yaron nan da farin doki, ko cikin su biyun wa yake ja wa zage yanzu.

Amma in koma baya kaɗan. Da na dawo daga Kano a farkon Fabrairun 2023, kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin in iya zama gaban Habboba. Na same ta a rakuba a kan angarib, ana dafa mata jabana. Na ba ta turare da goron da na kawo, na nuna mata hoton Ƙofar Kudu. Ta kalla ta mayar mini. Sai na daure na ce, "Habboba, kin san Shamaki ba sunansa ba ne? Kin san ko shi wane ne a gidan?"

Ta ce, "Yaron doki mana."

Na ce, "Kin sani, kika bar mu muna cewa mu jikokin sarki ne?"

Ta ce, "Kai maigida, ni na taɓa ce maka ɗan sarki ne? Cewa na yi daga gidan Sarki ya fito. Ku kuka ƙara gishirinku, na ga yana yi muku daɗi na ƙyale ku."

Ranar ta ba ni abin da ba ta taɓa ba mu ba, don ba mu taɓa tambaya ba. Ta ce tsohon da bakinsa ya gaya mata cewa a Burmi aka harbe dokin da yake ja, ubangidansa ma ya faɗi. Da gari ya waye ya duba, babu wanda zai mayar wa linzami, babu kuma wanda zai ce masa koma. Yamma gidan Sarki ne, gabas ba gidan kowa. Sai ya bi masu gabas. Ta ce linzamin yana nan tare da shi har Mai Wurno, a can ya sayar ya sayi fartanya.

Na nuna mata hoton yaron da farin dokin. Ta kawo wayar kusa da idonta ta daɗe tana kallo, ta ce dokin ya ƙoshi, yaron ne bai ƙoshi ba. Allah ya yi mata rasuwa a daminar shekarar, ana tsakiyar shigowar mutanen Khartum.

Na faɗa wa 'ya'yana duka. Babbar ta tambaya ko za mu sauya wa gidan suna, na ce a'a. Yayana kuwa har yau bai yarda ba, ya ce tsohon Kano ya ruɗe ni ne kawai, Habboba kuma tsufa ya kama ta, kuma yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Da ya ji zan rubuta wannan, ya aiko ɗansa ya ce mini in na ga dama in rubuta, amma kada in sa sunan unguwa. Ban sa ba.